Zangon Mita Biyu

Pak Hardiman ya tsai da ƙaramar bas ɗin Mas Gunadi da tsinin lemarsa, ya buɗe ƙofar gaba bai ko duba ko da mutum a ciki ba. Da mutum kuwa, wata mata ce rungume da kwandon kabeji. Ya tsaya yana kallonta har ta gane da kanta, ta sauko ta koma baya cikin matsi. Sannan ya hau, ya gyara rigarsa ta batik, ya ɗora jakar fata a cinya, ya ce wa direban ya ja su tafi, akwai magana.

Gunadi ya riga ya san maganar. Duk wanda ke da eriya a saman gidansa a Wonosobo ya san ta, domin Pak Hardiman ba mutum ba ne da ra'ayi zai kwana a cikinsa bai amayar wa wani ba.

Su huɗu ne abokan hira ta iska, har da Pak Hardiman da Gunadi, kuma sun yi shekaru suna haɗuwa kullum bayan la'asar, kowa a ɗakinsa gaban rediyonsa na magana, a zangon mita tamanin. Ka'idar hirar ba ta da wuya. Ka danna maɓallin makirufo ka faɗi abin da ke bakinka, in ka gama ka ce "gare ka", ka saki, wani ya ɗauka. Muddin yatsanka na kan maɓallin nan iska taka ce, kuma ba ka jin kowa. Kai ka ce don Pak Hardiman aka ƙirƙiro wannan tsari. Tsohon mai duba makarantu ne, ya saba ya shiga aji a miƙe masa tsaye, malami na rawar jiki. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai miƙe masa, sai ya je ya ci jarrabawar lasisi ya sayi rediyo.

Yau ce ranar da suke kira kofin ƙasa, wato ranar da mutanen iska ke saukowa su ga fuskar juna a gaban kofi. Kuma yau yake so a yanke magana: a bar mita tamanin, a koma mita biyu.

Tun daga kwanar asibiti yake zuba wa Gunadi hujjoji, da ƙarfi yadda na kujerar baya ma za su amfana. Mita tamanin, in ji shi, ta mutanen da ce. Sai ka ja waya daga wannan bishiya zuwa waccan kamar mai shanya, sannan tun da fitilun nan masu araha suka cika gari ba abin da kake ji sai shuuu, kamar ana suyar tempe, wainar nan ta waken suya, a cikin kunnenka. Ga tonon asiri. Maganarka sama take tashi ta faɗo inda ta ga dama, ka ce wa abokinka cikinka ya ɓaci, masunta a gaɓar Kalimantan su ji. Ita kuwa mita biyu murya tas take fita, eriyarta ba ta fi tsawon hannu ba, ga oba-oba ka jefa a aljihu ka tafi harkarka. Abokan da ke gari ɗaya, me ya haɗa su da zangon da ke tsallaka teku?

Gunadi ya kauce wa wani mai babur, sannan ya ce a hankali, "Sai dai mita biyu ba ta hawa tudu, Pak. Inda ido ya tsaya, nan take tsayawa."

"Ni na ajiye tudun?"

A nan maganar take. Bayan tudun da ke kan hanyar Dieng, a wani ƙauye da ko wayar salula sai an hau dutse take kamawa, can na huɗunsu yake, Mbah Tarmuji. Manomin dankali ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Jakarta, ba shi da abokin hira sai awakinsa da rediyon da ya haɗa da hannunsa a cikin gwangwanin biskit. Mita tamanin ce kaɗai ke tsallake tudun ta same shi. In aka koma mita biyu an rufe masa ƙofa ke nan ba tare da kowa ya ce masa ya fita ba, kuma abin da Pak Hardiman ke nema ke nan.

Yana da dalilan da yake faɗa wa mutane. Tsohon yana tari a cikin makirufo, ba ya faɗin lambar kiransa yadda doka ta tanada, kuma hirarsa ba ta wuce akuya ta ƙi cin abinci da ganyen dankali ya yi baƙi. Dalilin da ba ya faɗa shi ne tare suka yi firamare. Sa'o'in juna ne, sai dai shi wancan ya yarda ana ce masa Mbah, kaka, shi kuwa wannan yana shafa wa gashinsa baƙi duk ƙarshen mako. Mbah Tarmuji ya san shi tun yana bin keken dokin ubansa ba wando, kuma har yau da sunan yarinta yake kiransa, Gudel, ɗan bauna. A iska yake kiransa haka, a zangon da ke kaiwa har Sumatra. Wata rana wani baƙo daga Lampung ya shigo hirarsu, ya gaida kowa cikin ladabi, ya ce yana miƙa gaisuwa ta musamman ga Pak Gudel. Tun daga ranar Pak Hardiman ya fara gano illolin mita tamanin.

Da suka iso kasuwa ya tambayi Gunadi ko yana tare da shi. Gunadi ya ce, "To, Pak." A garinmu "to" ba alkawari ba ne, shaida ce kawai cewa kunne ya ji. Pak Hardiman a nan aka haife shi, kuma ya san haka sarai in shi ne ke faɗa wa wani. In shi aka faɗa wa ne yake ɗaukarta rantsuwa. Ya sauka yana murmushin wanda ya ci ƙuri'a ɗaya, ya bar ƙofar a buɗe don wani ya rufe.

Shagon Pak Sarwoto na layin masu taki da maganin ƙwari. Shi ke buɗe hira kullum, ya kira sunan kowa bi da bi, don haka in bai yarda ba, ba a yi komai ba. Mutum ne mai ƙiba da sanyin murya, wanda ko ƙuda ya sauka a bakin kofinsa sai ya yi kamar zai ba shi haƙuri kafin ya kore shi, kuma Pak Hardiman ya daɗe da yanke hukuncin cewa irin wannan bai cancanci riƙe hira ba. Bai shiga shagon ba saboda wari. A bakin ƙofa ya tsaya da hankici a hanci ya sake karanto karatunsa daga farko, har da masuntan Kalimantan.

Sarwoto ya saurara yana auna wa wata mata taki. Da ya sallame ta, ya tuna masa daminar da ƙasa ta zaftare ta toshe hanyar Dieng, lokacin da muryar tsohon ce kaɗai ta sanar da gari cewa mutanen ƙauyen suna da rai. Ya ce mutum mai tari irin wannan, shi kaɗai a gida, ai ko don a ji ya wuni lafiya ya kamata a bar masa hanya.

"Mu ƙungiyar hira ce ko asibiti?" in ji Pak Hardiman. "In jinya kake so ka yi masa, ga bas ɗin Gunadi can a tasha."

Sarwoto ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon ma'auninsa, yana share ƙurar taki da gefen hannu. Can sai ya ɗago ya tambaya ko shi Pak Hardiman, in an koma ɗin, komawa zai yi gaba ɗaya, ba zai riƙa leƙo tsohon zangon ba.

"Me na manta a can da zan leƙa? Na gama da shi."

Fuskar Sarwoto ta saki. Ya ce in haka ne shi bai ga laifin shawarar ba, hasali ma da ya ƙara tunani sai ya ga akwai alheri a cikinta. Pak Hardiman ya juya yana jinjina wa kansa yadda Allah ya hore masa iya sarrafa mutane. Bai waiwaya ba, balle ya ga mai shagon ya bar ma'auni ya nufi tashar bas da sauri, abin da ba a saba gani ba ga mai jiki irin nasa.

Da hantsi suka haɗu a rumfar mai taliya da ke bayan tasha. Mbah Tarmuji ne ya zo ƙarshe, a bayan motar kayan lambu, takalman robarsa duk jar ƙasa, yana jan buhu da ƙullin dankali a ciki, kowane aboki da nasa. Tun daga bakin titi ya hango Pak Hardiman, bakinsa ya tafi har kunne.

"Gudel, wai kai baƙin gashi kake ƙarawa? Mu muna tsufa, kai kana komawa baya."

Mai taliya ta juya ga tukunyarta, kafaɗunta na rawa. Pak Hardiman ya miƙa wa tsohon kan 'yan yatsunsa, ya janye, ya goge a wando.

Bai jira an gama ci ba. Ya buɗe jakar fata ya fito da sabon rediyo na mita biyu, baƙi, ɗan ƙarami, yana ƙyalli, ya ture kwanon yaji ya ajiye shi a tsakiyar tebur yadda kowa zai gani. Sannan ya miƙe tsaye, ko da yake mutum uku ne kacal a gabansa, kuma ɗayansu sakace yake yi. Ya fara daga tarihin rediyo a ƙasar nan, ya gangaro kan yadda ƙungiyoyi ke mutuwa saboda rashin tsari, ya taɓo tarbiyyar yaran yanzu ko da yake ba wanda ya ga inda ta shigo. Taliyar ta huce, miyar da ke kanta ta daskare. Gunadi ya kunna taba mai kanumfari ya shanye, ya kunna wata. Wani zakara da ke ƙarƙashin benci ma ya gaji ya fita.

Mbah Tarmuji ne kaɗai ya saurara da gaske, hannunsa a bayan kunne, yana gyaɗa kai a wuraren da bai kamata ba. Da aka kai ƙarshe ya yi tarinsa, ya share baki, ya tambaya ko wannan mita biyun tana zuwa wajensu.

"Ba ta zuwa, Mbah," in ji Gunadi, idonsa a cikin kwano.

"In ka kafa dogon ƙarfe a kan tudun ka ja waya har gidanka, wataƙila," in ji Pak Hardiman. "Ko ka sayar da awakin ka dawo gari kamar mutane."

Tsohon ya ajiye cokalinsa. Ya ce shi fa tun da matarsa ta rasu, daga asuba zuwa la'asar ba ya buɗe baki sai in salla zai yi ko akuya zai kira, har wani lokaci in ya danna maɓalli sai ya ji muryar ta maƙale don rashin amfani. Ba da sigar roƙo ya faɗa ba, ya faɗa ne yadda yake faɗin farashin taki ko yawan ruwan bana. Abin ya ba kowa tausayi har da mai taliya, ban da mutum ɗaya da ke duba agogonsa.

Aka zo yanke magana. Sarwoto ya ce shi yana bayan mita biyu. Gunadi ya ce shi ma haka. Mbah Tarmuji ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan Sarwoto, wanda ya tsura wa rufin rumfar ido kamar yau ya fara ganin kwano. Ran tsohon ya ɓaci sosai, kowa ya gani, amma bai yi musu ba.

"To," ya ce. "In haka kuka gani."

Aka tsai da cewa yau ɗin nan bayan la'asar za a fara. Gunadi ya tashi ya ce bari ya raka Mbah wajen motar kayan lambu kada ta tafi ta bar shi, Sarwoto ma ya bi su wai zai taya ɗaukar kaya, alhali buhun ya riga ya zama wayam. Pak Hardiman ya raka bayansu da kallon hadarin kaji, mutum biyu manya suna lallashin tsoho a bakin titi, ɗaya ya dafa wannan kafaɗa, ɗaya yana masa raɗa a kunnen da ke ji. Irin raunin zuciyar da ke hana ƙasa ci gaba ke nan, ya ce a ransa. Ya mai da rediyonsa cikin jaka, ya kuma ɗauki ƙullin dankalinsa, domin duk raininsa bai taɓa raina abin kyauta ba.

A gida ya tarar da matarsa, Bu Rukmini, tana tsince shinkafa a baranda. Ya ajiye mata dankalin ya ba ta labarin nasararsa daga tsai da bas har zuwa ƙuri'a, ya ƙara gishiri a inda ya ga labarin ya yi lami. Ta saurara ba ta ɗago ba. Matar da ta yi rabin rayuwarta da Pak Hardiman ta san yadda ake sauraro da hannu a cikin aiki. Da ya gama ta tambaya, shi kuma tsohon da wa zai riƙa magana yanzu. Ya ce da awakinsa mana, ai dama su suka fi fahimtarsa. Ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafin hannu, ta ce za ta kawo masa shayi in an jima.

Yana idar da sallar la'asar ya shige ɗakin rediyo. Ɗaki ne ƙarami, takardun yabo na zamanin aiki sun cika bango, lasisin na tsakiya a cikin gilashi. Tsohon rediyon na kan tebur, ƙato, mai nauyi. Ya ajiye sabon a gefensa, ya haɗa masa wayar eriyar da ya sa aka kafa tun makon jiya, don bai taɓa shakkar yadda ƙuri'a za ta kaya ba. Ya ɗauko ƙyalle zai lulluɓe tsohon, sai hannunsa ya tsaya. Akwai wani ɗan daɗi da bai so ya wuce shi. Ya san tsohon nan, sabo zai sa ya kunna gwangwaninsa ya yi ta kira a zangon da ba kowa, kuma Pak Hardiman yana so ya ji wannan kiran da kunnensa. Ya kunna, ya rage murya ƙasa-ƙasa. Shuuu ɗin da ya tsana ya cika kusurwar ɗakin.

Sabon rediyon ya yi magana, murya tas kamar yadda ya yi musu alkawari. Sarwoto ne ya yi sallama ya buɗe hira, ya kira Gunadi, Gunadi ya amsa. Sannan ya ce tun da Pak Hardiman ne uban wannan tafiya, ba wanda ya dace ya fara sa baki a sabon zango sai shi.

"Gare ka, Pak."

Ya gyara zama, ya danna maɓallin. Ya fara da godiya ga Allah, ya yi wa abokansa murnar fitowa daga duhu, ya ce yau rana ce da za a riƙa tunawa. Yana cikin bayanin bambancin ƙungiya da taron 'yan kasuwa ya ji tarin da yake jira daga tsohon rediyon. Bai daina magana ba, amma ya karkata kunne, murmushi na neman ɓata masa jimla.

"Akwai kowa? Tarmuji ne daga bayan tudu. Gare ku."

Shuuu. Daidai yadda ya so. Ya ɗaga murya ya shiga batun da'a.

"Muna nan, Mbah. Ka isa gida lafiya?"

Muryar Sarwoto ce. Pak Hardiman ya yi tuntuɓe a tsakiyar kalma, ya dubi sabon rediyon, ya dubi tsohon. Ya fara cewa a ransa ko wayoyin ne suka haɗu, amma ya fi kowa sanin mita biyu ba ta da hanyar shiga mita tamanin. Bakinsa dai ya ci gaba da aiki shi kaɗai, don ya saba.

"Lafiya lau. Ya fara?"

"Ya fara," in ji Gunadi. "Na kashe muryar gaba ɗaya, na jingina oba-oban da kwalbar yaji. In yana magana akwai 'yar fitila kore da ke kamawa. In ta mutu sai mu leƙa."

Sarwoto ya karɓa yana dariya, ya ce wallahi wannan ya fi na da sauƙi. Da can in Pak ya fara sai sun lallaɓa sun matsa gefe kaɗan da zangon, a bar mutum ɗaya yana gadi, yana sauraronsa don ya faɗa wa saura in ya kusa sauka, kuma shi Sarwoto ne ya fi kowa shan wannan gadin, har ya haddace jawabin tarbiyya. Yanzu ga shi mutum da kansa ya kwashe kayansa ya bar musu falon gaba ɗaya, fitila na yi musu gadi. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce su dai Allah ya shirye su, ɗazu a rumfa saura kaɗan su sa shi kuka a gaban mace.

Kalmomin Pak Hardiman suka fara raguwa. Ya faɗi wata jimla bai kai ƙarshenta ba, ya fara wata, ita ma ta mutu a hanya. Daga nan ya yi shiru. Amma bai saki maɓallin ba. Ya riƙe makirufon a bakinsa yana jiran wani ya lura cewa mai jawabi ya daina jawabi, ya ce a duba ko lafiya.

Ba wanda ya lura. Fitila na kunne, shi ke nan.

Suka shiga hirarsu. Akuyar Mbah Tarmuji ta haifi biyu da daddare, ɗaya ya ƙi kama nono, sai da tsohon ya tatsa ya ɗura masa da cokali. 'Yar Gunadi ta sami gurbi a makarantar ungozoma a Magelang, uban na ta murna yana kuma tsoron ta tafi ta bar gida. Matar Sarwoto an sake kwantar da ita kan ciwon sukari, an ce wataƙila a taɓa ɗan yatsan ƙafa, suka yi ta yi mata addu'a. Pak Hardiman bai san Gunadi na da 'ya mai wannan girma ba. Bai san matar Sarwoto ba ta da lafiya ba, alhali ɗazu ya tsaya a bakin shagon mutumin da hankici a hanci. Bai ma san Sarwoto na da irin wannan dariyar ba, mai fitowa daga ciki har makirufo na rawa. Shekara da shekaru yana zaune da mutanen nan kullum, ashe a ƙofar ɗaki suke ajiye shi su shiga ciki.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Abin da ya fi ci masa rai, ba zaginsa suke yi ba. Da zaginsa suke, da ya san abin yi, don ya iya faɗa kuma yana jin daɗinsa. Tun da suka gama maganar fitila ba wanda ya sake ambatonsa.

Makirufon tsohon rediyon na nan rataye, hannu kawai zai miƙa. Ya ga kansa ya fizgo shi ya daka musu tsawa, ya ce ya ji komai, ya kira su munafukai ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Zai yi daɗi ƙwarai. Sai kuma ya hango gobe bayan la'asar, da jibi, shi da wannan ɗaki da takardun yabo a bango, ba wanda zai ce masa "gare ka" ko da na ƙarya ne. Hannun bai miƙu ba.

Ƙofa ta buɗe, Bu Rukmini ta shigo da shayi. Ta ga mijinta zaune da makirufo a baki, yatsa a kan maɓalli, ba ya cewa komai. Ta ji dariyar da ke fitowa daga tsohon rediyon, ta kuma gane muryoyin. Ta dube shi, bai iya haɗa ido da ita ba. Ta ajiye kofin a inda hannunsa zai kai, ta fita ta ja ƙofar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba.

Sabon rediyon ya yi zafi. Babban yatsansa ya sage har ba ya jin maɓallin. Waje an fara yayyafi, shayin ya daina hayaƙi, su kuwa sun koma kan ko ganyen rogo na sa akuya ta kawo nono. A ƙarshe yatsan ne ya gaji, ya zame da kansa. Bai ko ce "gare ku" ba.

"Ta mutu," in ji Gunadi daga tsohon rediyon. "Mbah, riƙe maganar rogon nan, yanzu za mu dawo."

Sai sabon rediyon ya buɗe, murya tas, ba ko ɗigon hayaniya.

"Madalla, Pak," in ji Sarwoto. "Gaskiya yau ka yi magana. Musamman wannan ta ƙarshen, ta shige ni ƙwarai. Mas Gunadi, gare ka."

"Ni ma ita na riƙe, Pak. Ba abin da mutum zai ƙara a kai. Gobe ma muna nan muna jira. Gare ka."

Pak Hardiman ya miƙa hannun hagu ya kashe tsohon rediyon. Ya murza yatsansa a cinya har jini ya dawo, ya gyara murya, ya danna maɓallin.

"Na gode," ya ce. "Allah ya kai mu goben."